Yadda Masu Zane Za Su Buɗe Zauren Baje Koli Na Kansu A Kano, Su Kuma Riƙe Shi

Mai zane a Kano yakan gama aiki ya ɗauke shi hoto, ya saka a Instagram ko WhatsApp, sannan ya jingine shi a bayan ƙofa. Wanda ya yi sa'a wani otal ko ofis ya ara masa bango na kwana biyu. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna nan, amma aikinsu adana tarihi ne, ba sayar da zanen da aka gama jiya ba. Idan ana son wurin da mutum zai shiga ya tsaya gaban zane, ya ƙare masa kallo, ya tambayi kuɗinsa, to masu zanen ne za su tashi su yi abinsu.

An taɓa yin haka a ƙasar nan. A 1962 ɗan wasan kwaikwayo Duro Ladipo ya buɗe cibiyar masu fasaha ta Mbari Mbayo a gidan mahaifinsa da ke Oshogbo, garin da a lokacin ba wanda ke lissafa shi a harkar zanen zamani, kuma daga nan masu zane irin su Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh suka fito. Kusa da mu ma, ɗaliban zane ne suka haɗa kansu a Zariya a 1958 suka kafa ƙungiyar da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka yi suna a cikinta. Buɗe wuri ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce a kai shekara ta biyu ana buɗe ƙofa, kuma abin da ke hana hakan yawanci maganar kuɗi ce da aka ji nauyin yi tun farko, da aikin gadi da aka bar wa mutum ɗaya.

Mutane da takarda, kafin a nemi shago

Ku fara da mutum biyar zuwa takwas. Idan ba ku kai haka ba haya za ta danne ku, idan kun wuce haka taro zai koma majalisar hira. Kada ku zaɓi mutum don hannunsa ya fi na kowa. Ku duba wanda idan ya ce ƙarfe huɗu zai zo, za a gan shi ƙarfe huɗu. Gwanin da ba ya ɗaga waya zai iya kawo aikinsa a matsayin baƙo, ba sai ya zama mamba ba. Ku sa mata a ciki tun daga tushe. Akwai Hajiyar da ba za ta shiga shagon da samari shida ke zaune a bakin ƙofa ba, alhali ita ce mai sayen kayan ƙawata falo.

Daga nan ku zauna ku rubuta yarjejeniya da Hausa, shafi biyu ko uku, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Za a samu wanda zai ce, "Haba, mu da muke 'yan uwa, har sai an yi rubutu?" Ku amsa masa da cewa saboda zumuncin ne ma ake rubutawa. Takardar ta faɗi nawa kowa zai zuba na kafa wuri, nawa zai riƙa bayarwa duk wata, da abin da za a yi wa wanda ya yi wata uku bai biya ba. Ta faɗi kaso nawa zaure zai cire idan an sayar da aiki. Manyan wuraren baje koli na 'yan kasuwa sukan ɗauki har rabin kuɗin. Ku da kuke masu wuri kuma masu aiki, kashi 20 cikin 100 daga mamba da kashi 30 daga baƙo ya wadatar a ganina.

Akwai wani sharaɗi da ake mantawa, kuma shi ne ke fara raba kan mutane. Mai saye ya ga zane a bangonku, ya karɓi lambar mai zanen, bayan kwana biyu su haɗu a waje a yi ciniki a kan rahusa, zaure bai ga ko kwabo ba. Ku rubuta ƙarara cewa duk aikin da aka gani a zaure, ko a ina aka ƙulla cinikinsa cikin wata uku bayan an sauke shi, zaure na da la'adarsa. Sannan ku rubuta yadda ake fita: wanda zai bar tafiyar ya ba da sanarwar wata biyu, ya kwashe aikinsa, amma fanka da fitilu da fentin bango sun zama na zaure.

A raba muƙamai uku kawai: ma'aji, mai kula da littafin kaya, da mai tsara baje koli. Ma'aji kada ya zama shi ne mai rubuta lissafi. A buɗe asusun banki da sunan zauren, wanda sai mutum biyu sun amince kuɗi zai fita. Ranar da aka fara cewa "turo ta asusuna, zan mayar," an fara haƙa ramin da za a binne wurin.

Rajista

Hanya mafi sauƙi ita ce rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, wadda da ita za ku buɗe asusu. Idan kuna hangen neman tallafi daga gidauniyoyi, ku duba rajistar ƙungiya mai amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ita tana buƙatar kundin dokoki da sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, kuma ba a raba ribarta ga mambobi. Akwai kuma ƙungiyar gama kai da ake yi wa rajista a matakin jiha. Ku biya lauya ya zauna da ku sa'a guda kafin ku zaɓa. Idan kuna da niyyar nuna fim ko sayar da littattafai a wurin, ku leƙa Hukumar Tace Fina-finai ta jiha ku ji ƙa'idarta tukuna.

Wuri

A nan ake yawan yin zaɓen tumun dare. Mai zane yana son wuri mai shiru da bishiyoyi, sai ya kama ɗaki a can cikin lungun Nassarawa ko Bompai inda ba mai wucewa sai mai gadi. Wani kuma ya kama shago a saman bene a kan titin Zoo Road saboda araha, ya manta cewa dattijon da ke da kuɗin sayen zane ba zai hau matakala ashirin don kallo ba. Ku nemi ɗakin ƙasa, inda ɗan adaidaita sahu zai gane kwatance da jimla ɗaya, kuma mota biyu za su iya tsayawa.

Cikin birni yana da nasa armashin. Tsohon soro mai daurin guga kusa da Kasuwar Kurmi ko hanyar marinar Ƙofar Mata yana da sanyi da kyan da siminti ba zai ba ku ba, ga baƙi masu zuwa kallon gari suna bi ta nan. Sai dai ginin ƙasa yana son yaɓe, yana son a duba indararo kafin damina, kuma gara na son azara kamar yadda take son firam ɗinku. Idan za ku iya hidimarsa, ni shi zan zaɓa. Idan ba za ku iya ba, ku kama na siminti ku huta.

Ku je duba wurin sau biyu, da hantsi da kuma bayan la'asar, ku ga inda rana ke faɗowa. Ku dubi ƙasan bango ko akwai tabon danshi, ku ɗaga kai ku dubi silin ko akwai shacin yoyo. Ku tambayi maƙwabta, ba dillali ba, ko ruwa na kwanciya a layin a watan Agusta. Ku tambayi ko akwai tsohon bashin wuta a kan mita. A takardar haya a rubuta cewa mai gida ya yarda a buga ƙusa, a yi fenti, a kafa allon suna, a kuma tara mutane lokaci-lokaci. Ku nemi shekara biyu a kan farashi ɗaya idan zai yiwu, domin da zarar kun gyara wuri ya yi kyau, haya ce za ta fara tashi.

Kafin ku kafa allo, ku je gaida mai unguwa, mutum biyu ko uku, da shiga ta mutunci. "Ranka ya daɗe, mu masu zane ne, mun kama shagon gidan wane, za mu riƙa nuna aikin hannu muna koya wa yara. Mun zo mu sanar, a sa mana albarka." Ku gaida limamin masallacin layin shi ma. Wannan gaisuwar ta minti goma ita za ta tsaya muku ranar da wani ya ce bai gane abin da ake yi a ɗakin nan ba.

Bango, haske da ƙura

Ku yi wa bango farin fenti marar sheƙi. Mai sheƙi yana mayar da haske cikin ido. Idan mai gida ya hana ƙusa, ko bangon ƙasa ne, ku sa kafinta ya kafa doguwar katako a sama kusa da silin, a riƙa sako zane da igiya mai ƙarfi ko siririyar waya. Katako ku je 'Yan Katako a Na'ibawa, ku zaɓi busasshe, a shafe shi da maganin gara kafin a shigo da shi.

Kada ku dogara da wutar KEDCO ko janareta. Hayaƙin janareta da ƙararsa ba su dace da wurin kallo ba. Fitilun LED ba sa cin wuta kuma ba sa zafi, don haka ƙaramar sola da batir ɗaya za su riƙe fitilu da fanka biyu. Ku sayi ƙwai iri ɗaya gaba ɗaya. Idan aka gauraya fari da ruwan ɗorawa, shuɗin baba zai koma wani abu dabam a ido. A karkato fitila daga sama ta faɗa kan zane, ba daga bayan mai kallo ba, don kada inuwarsa ta rufe abin da ya zo gani. Hasken rana kuwa kada ya taɓa aiki kai tsaye, musamman na takarda da rini, domin yana cinye launi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce abokiyar gaba. A toshe ƙasan ƙofa, a sa labule mai kauri a taga, a daina shara da busasshiyar tsintsiya, a koma goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Aikin takarda ya shiga gilashi. Na yadi a kaɗe shi da buroshi mai laushi, ruwa kada ya kusance shi. Bushewar iskar lokacin tana sa katako ya tsage, damina kuma ta kawo fumfuna, saboda haka kayan ajiya a ɗora su a kan katako, a jingine su fuska da fuska da kwali a tsakani, kada su taɓa ƙasa ko bango.

Abin da za a rataya

Ba a ɓoye wannan magana a Kano: gidaje da yawa ba sa rataya surar mutum ko dabba saboda fahimtarsu ta addini, wasu kuma ba su ga laifin hoton mahayin doki a falo ba. Zaure ba wurin yanke hukunci a kan wannan saɓani ba ne. Abin da ya rage gare ku shi ne ku san garinku. Tsiraici ba shi da wuri, haka duk abin da zai taɓa mutuncin addini. Ku tattauna kowane aiki a tsakaninku kafin ya hau bango, kuma ku sa a yarjejeniya cewa rinjayen mambobi na iya cewa a'a.

Wannan ba takura ba ce idan aka duba abin da ke hannunmu. Ga zayyanar allo da alarammomi ke yi, ga rubutun Larabci da na ajami, ga dagi da sauran adon bangon magina, ga aikin dukawa, ga adire da rinin baba, ga ɗinkin aska takwas a babbar riga. Ku gayyato masu waɗannan sana'o'i, ku rubuta sunan kowa a gefen aikinsa daidai da na mai digiri, ku cire musu kaso iri ɗaya. Wata fa'ida kuma, marini idan aikinsa na bango, duk danginsa da abokan sana'arsa za su zo gani. Aikin da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani a rataye shi sama, kada a jingine shi a ƙasa ko da na minti ɗaya ne.

Ku kiyayi kayan tarihi. Wani zai zo da tsohon takobi ko tsohon littafin hannu ya ce ku sayar masa. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan sai ga wanda aka ba izini, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da ta ambata. Ku ba shi haƙuri. Baƙon da zai fita waje da sabon aiki kuwa ku ba shi rasit mai sunan mai zane da shekarar da aka yi, kuma idan aikin na kama da tsohon kaya ku nuna masa hanyar Gidan Makama ya nemi bayanin takardar fita.

Duk aikin da ya shigo a rubuta shi a littafi: suna, girma, farashi, ranar shigowa, da ko akwai tabo ko karaya. A ɗauki hotonsa gaba da baya, mai shi ya sa hannu.

Ratayewa

Kwana biyu kafin buɗewa, ku jera ayyukan a ƙasa kan tabarma, kowanne a gindin inda zai hau. Mutum ɗaya, wato mai tsara baje koli, ya tsaya a bakin ƙofa ya duba abin da ido zai fara faɗawa a kai. Nan ne wurin aiki mafi ƙarfi, ko na wane ne. Sauran su yi shiru su ɗaga su sauke yadda ya ce. Idan kowa ya ce nasa zai sa a tsakiya, za ku kai magariba ba a buga ƙusa ɗaya ba.

Ku auna santimita 150 daga ƙasa, ku ja zare daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tsakiyar kowane zane, babba ko ƙarami, ta faɗa kan zaren. Ku bar aƙalla kamu biyu tsakanin aiki da aiki. Idan ɗakin zai ɗauki ashirin, ku rataya goma sha biyar, domin bango mai cunkoso shagon firam yake komawa. A gefen dama na kowanne a manna 'yar takarda: sunan mai aiki, sunan aikin, abin da aka yi shi da shi, shekara, da farashi. Hausa a sama, Turanci a ƙasa.

Farashi da ciniki

Ku rubuta farashi. Bakano idan bai ga kuɗi a rubuce ba yakan ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, ya fita bai tambaya ba. Amma ku sani ko an rubuta sai an taya. Alhaji zai tsaya gaban zanen dubu ɗari da hamsin, ya gyara hula ya ce, "Malam, tamanin fa?" Mai tsaron ranar, wanda wataƙila ba aikinsa ba ne, kada ya hau kame-kame ko ya ce bari ya kira mai shi. Tun ranar da aikin ya shigo an rubuta a littafi iyakar abin da za a iya ragewa, a ce kashi 10 cikin 100. Sai ya ce, "Albarka, Alhaji. Ɗari da talatin da biyar ne ƙarshensa, kuma za mu kai maka gida mu rataya." Idan ya ce zai dawo, a karɓi lambarsa, a tura masa hoton da yamma. Idan ya ce a ajiye masa, ya ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar da ajiyar za ta ƙare. Bashi kuwa babu, ko ga surukin mamba.

Farashin mai zane ya zama ɗaya a zaure da a wayarsa. A biya shi kasonsa cikin mako guda. A rasit a rubuta cewa sayen zane bai ba mai saye damar buga shi a kalanda ko atamfa ba, domin a dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wannan haƙƙi na mai zanen ne sai in ya sallama shi a rubuce.

Jama'a

Mutumin Kano ba ya faɗawa wurin da ba a kira shi ba, kuma zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Sanarwa a Facebook ba ta isa ba. Ku buga kati ku kai hannu da hannu ga shugabannin makarantu, malaman sashen zane na manyan makarantun gari, masu zanen gine-gine, masu otal, da matan da ke sana'ar ƙawata ɗakin amare, domin su ne ke zaɓa wa mutane abin da za a sa a bango. Ku nemi a yi hira da ku a ɗaya daga gidajen rediyon gari. Ku sa buɗewa ranar Asabar bayan la'asar a tashi kafin magariba, a tanadi tabarmar salla da buta, a raba zoɓo da ruwan sanyi. Jawabi ɗaya ya isa, kada ya wuce minti biyar.

Baje koli huɗu a shekara ya ishe ku. Mafi girma ku ɗora shi a kan Sallah, lokacin da gari kan cika da baƙi idan an yi Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, musamman yanzu da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. A azumi ku mayar da buɗewa bayan sallar asham. Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ku yi gyare-gyare da lissafi.

Abin da zai biya haya

Manyan zane-zane ba sa fita kullum, ana iya wata biyu ba a sayar da ko ɗaya ba. Abin da ke riƙe wuri shi ne ƙananan kuɗi masu shigowa a kai a kai: ajin zane na yara ranar Asabar da safe da lokacin dogon hutu, ajin rubutun zayyana na manya, yi wa mutane firam, ƙananan kwafi da katuna da ɗalibi zai iya saya, da kuɗin da makarantu za su biya idan sun kawo ɗalibai. Ajin yara ya fi duka, saboda uwar da ta zo ɗaukar ɗanta takan yi minti goma tana kallon bango.

Ku raba hayar shekara gida goma sha biyu, ku riƙa ware kaso ɗaya duk wata a asusun da ba a taɓawa, kamar zubin adashi. Tallafi idan ya samu a sayi abin da zai daɗe, irin su batir da gilashi, kada a ɗora haya a kansa.

Sai gadi. Ku zaɓi kwanakin da za ku iya da gaske, ko da Alhamis da Asabar da Lahadi ne kawai, ku rubuta su a ƙofa da sa'o'insu, ku kafa jadawalin masu tsaro a bango. Wanda uzuri ya taso masa shi zai nemo madadinsa, wanda ya bar ƙofa a rufe ya biya tarar da aka amince da ita. Makulli biyu ne, ɗaya a hannun mai tsaron ranar, ɗaya a wurin ma'aji. Duk ƙarshen wata ku zauna sa'a guda, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, mai littafin kaya ya bi bango da ɗakin ajiya ya ƙirga ayyuka ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, sannan a sa hannu. Muƙaman nan uku a riƙa sauya masu riƙe su duk shekara, wata guda kafin ranar biyan haya.